Ranar da otel ɗina ya koma Iferwan

Zufa na ɗiga daga gemuna, amma allon akwatin da ke sarrafa kilim-kilim, wato na'urorin sanyaya ɗakuna, na otel ɗina ya dage wai sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, sai ka ce muna Iferwan, garin nan na cikin duwatsu mai tsananin sanyi. A Agadas, ana tsakiyar bazara! Kilim duk suka yi tsit, ga baƙi masu haƙar zinariya sun iso daga Cibarkatan, suna fifita da rawunansu.

Abin auna zafin, wanda ake kira sond, sabo ne fil. Yayana ya kawo mini shi tsaraba daga Tamanrasat, na cire tsohon na ɗaura shi, don ba a ajiye tsarabar babba a ɗaki.

Na kira Gaisha, ɗiyar ƙanwata da ta karanci lantarki. Ta duba, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Kawu, sond lafiya lau, akwati ma lafiya lau."

"To wa ke ƙarya cikinsu?"

"Babu. Wannan Tamajak yake yi, wancan Hausa kaɗai yake ji. Ka haɗa su ba tafinta."

Ta shiga saitin akwatin ta zaɓar masa irin sond ɗin da aka ɗaura. Nan take allo ya faɗi gaskiya, kilim suka ɗau gurnani. Wani dattijo cikin baƙin ya miƙe ƙafa yana sa mata albarka har barci ya kwashe shi.

Saura ƙiris da na yar da sond ko akwatin a banza, alhali tafinta kawai suka rasa. Ku fa, wa kuka taɓa ɗora wa laifi don kawai ba ku ji yarensa ba?