Yayata da Fayil Ɗinta Guda Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya yayata ta yi tana kula da sabobin wani kamfanin sufuri, manyan kwamfutoci talatin da biyu a wani ɗaki mai sanyin tsiya, inda ko da rana sai ta yafa mayafi biyu. Dokarta ɗaya ce: duk abin da injinan suka yi tarayya a kai, kamar adireshin rumbun bayanai, a fayil guda ake rubuta shi, kowace saba ta je can ta karanto. Abokan aiki har suna ce mata Hajiya Wuri Ɗaya. Ko a jikinta.

Sai aka kawo sabon manaja, irin masu tafiya kamar ana kiransu a wani wuri. Ranar da adireshin rumbun ya canza, ya ce kowa ya shiga injinan ya rubuta sabon da hannu, shi ba ya jiran gwajin awa biyu da take yi kafin ta canza fayil ɗin.

"Ranka ya daɗe, ba zan yi ba," in ji ta. "Yau ka rubuta a wuri talatin da biyu, gobe a wuri talatin da biyu za ka nema."

"Malama, umarni nake ba ki. Ko ki yi, ko ki ajiye aikin."

Ta naɗe hannu ta zauna. Sauran suka duƙufa, garin sauri wani ya buga takwas a gurbin uku a injina uku, sayar da tikiti ya tsaya cik. Manaja ya zo teburinta yana share gumi, ya ce ta gyara injina ukun nan kawai.

"Sai dai a goge na hannun duka, a koma fayil," in ji ta.

Ya ce taurin kanta ya ishe shi, ya sallame ta. Wallahi raina ya ɓaci, har na ce, "Yaya, da kin lallaɓa, ga yara a makaranta." Ta harare ni, na ja bakina.

Bayan wata biyu muna shan shayi a falonta, manajan ya kira, murya ƙasa-ƙasa. Rumbun zai sake ƙaura, wai ko ta san wane adireshi ne na gaskiya a cikin injinan?

"Ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya," ta ce. "Yanzu kowace saba da bakinta."

Ta kashe wayar, ta koma kan takardar neman aikin da take cikewa.