Kogon da Na Toshe

Da aurena ya mutu na koma gidanmu a Ƙofar Atiku, aka bar 'yata a hannun kakarta, uwar ubanta. Kunya ta hana ni ko leƙa zaure. Duk wanda ya gaishe ni gani nake da tambaya a bakinsa.

Sai aka yi haihuwa a dangin tsohon mijina, a Gidan Dahala. Na san za a kai yarinyar wurin suna, na kuma san matan gidan da iya habaici. Ina son ganin 'yata, ina tsoron bakinsu.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ke karantar da matan unguwa a tsakar gida, kuma tana da irin tata fahimtar karatu. Da na kai mata kukana, ta ce in tuna samarin nan na surar da muke karantawa ranar Juma'a, waɗanda suka fake a kogo.

"Kogon ga ba dutsi ɗai na ba," in ji ta. "Kowa na da nashi cikin ƙirji. Gina shi da zuci, ki shiga da sunan Allah, magana ba ta iske ki."

Ni kuwa ban taɓa ganin kogo ba. Sai na kawo rumbun ƙauyen kakanninmu a raina, na shige ciki, na yaɓe bakinsa da laka kamar yadda ake yi bayan girbi.

Abin ya yi aiki, har ya wuce gona da iri. Na zauna a gefen tabarma a gidan sunan, idona a ƙasa, ina cikin rumbuna. Ana ta surutu da shewa, babu abin da ya iso ni. Har daɗi na ji, na ce lallai Gwaggo ta iya. Can na ji ana jan gefen mayafina. Na ɗauka masu tsokana ne, na fizge abina ban ɗago ba.

Kakar yarinyar ce ta dafa kafaɗata. "Ke, lahiya? Ɗiyakki na ta kiran ki tun ɗazu, kin yi banza da ita."

Na hango 'yata a bayan wata mata, ta dunƙule hannuwa. Ashe lalle aka sa mata, ta zo ta nuna mini. Na miƙa hannu, ta ƙara ɓuya. Matan duk sun gani, kuma babu wadda ta yi habaicin da na yi wa shiri. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da na ba Gwaggo labari sai ta ce, "Koma ki karanta da kyau. Kogon na da baki, har karen samarin na kwance nan. Wa yac ce ki toshe ƙohwa?"

Yarinyar ta girma yanzu, muna shiri ƙwarai. Amma har yau in za ta yi mini magana, sai ta fara taɓa hannuna, ta jira in ɗago kai tukuna.