Takardar da Kanar Bai Sa wa Hannu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, ina goge teburinka sai direbanka ya shigo ba sallama, makullin mota a hannunsa. Ya ce, "Malama, Kanar ya cika." Saura kwana shida kwamitin majalisa ya saurare ka.

Shekara goma sha ɗaya ina buga maka takardu. Jama'a sun san ka da gadar da ka tsare kwana uku da mutum arba'in, da lambar girman da aka rataya maka, da kujerar majalisa da ka ci sau biyu. Ni na san lambar nan a aljihun tebur take kwana tare da maganin hawan jini, in fanka ta dame ka kuma da ita kake danne takardu.

Ranar da na fara taka ofishinka ba aiki na zo nema ba. Yayana yana cikin mutum tara da aka rubuta wai sun gudu daga gadar, kalmar da ta hana mahaifiyarmu shiga taro har ta tsufa. Da na faɗi sunansa ka cire tabarau. Ka ce, "Mai waƙa in yana wankin kaki? Ni na rufe masa ido." Saboda su taran nan ka shiga siyasa, ko da yake kakan ce ta fi yaƙi wuya: "A can, Malama, ko ba komai mutum ya san ta inda ake harbinsa."

Duk da ƙarfen da ke ƙafarka, ban taɓa ganin matar soja ta shigo ka karɓe ta a zaune ba. Kai da kanka ka je ka durƙusa gaban mahaifiyarmu, ka ce, "Inna, ɗanki bai juya baya ba."

Bara na buga shaidarka, shafi huɗu. Takwas ka ga gawarsu da idonka. Na taran, mai riƙe da rediyo, ba ka gani ba. Lauya ya ce ka sa hannu kan takwas a wuce wurin. Ka ce in ka wanke takwas ka bar ɗaya, kai ka tabbatar masa da laifin ke nan, kuma ba za ka rantse kan abin da ba ka gani ba. Ka shiga neman wani tsohon malamin asibitin soja da aka ce shi ya binne shi. Ranar Laraba za ka je wurinsa. Ban taɓa ce maka ka gaggauta ba, don na ga gaskiyarka. Yanzu shirun nan nawa yana cina a rai.

Bayan an yi maka sutura babban ɗanka ya same ni a ofis. Ya ce, "Anti, ai kin fi Baba iya sa hannun Baba. Wa zai sani?" Ba zan ɓoye maka ba, na ɗauki biron. Sai na tuna abin da aka karantar da mu kan shaidar zur, na ajiye. Magatakardan kwamiti ya ce takardar da ba sa hannu takarda ce kawai, za a rufe fayil. Cikin mutum arba'in ɗin da kuka tsare gadar kai ne na ƙarshe da ya rage. Malamin asibitin kuwa mun iske ko 'ya'yansa ba ya ganewa.

Inna ta soma mantuwa. Kullum da safe sai ta ce, "Kanar ya sa hannun?" In ce, "Inna, Kanar ya rasu." Ta yi kuka, gobe ta sake tambaya. Ban iya yi mata ƙarya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da su taran a inda ba a neman sa hannun kowa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya, da 'ya'yanka da jikokinka, da gidaje tara da suka yi rashi sau biyu. Takardar tana kan teburinka, na danne ta da lambar. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani.