Larai Mai Jiƙa Karkade

Larai 'yar Malam Hadi, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa sayar da karkade ko kofi ɗaya ba, amma da shi aka san ta a unguwar Sa'alaba ta Jidda. Karkade shi ne abin da mutanen Nijeriya suke ce wa zoɓo. A Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife ta, a unguwar Hausawa. Tana da shekara ashirin da biyu aka kawo ta Jidda, gidan mijinta Usuman direba, ta yi shekara talatin da ɗaya a hawa na biyu na wani tsohon gini da famfonsa sai ya yi ta kuka kafin ya kawo ruwa. 'Ya'yanta maza biyu suna aiki a Riyad. Auta Arwa ce ta rage a gabanta, tana aiki a wani shagon tabarau a unguwar Safa.

Gajeruwar mace ce mai saurin tafiya. Ba ta da yawan dariya, sai dai ta faɗi magana fuskarta a ɗaure, mutane su yi ta riƙe ciki. Ta dafa wa wani gidan Larabawa abinci shekara goma sha huɗu, har gwiwa ta hana ta tsayuwa mai tsawo.

Ba ta tafasa karkade. Da hantsi take jiƙa shi a ruwan sanyi, cikin kwalabe uku: ɗaya mai kauri har ya yi duhu, ɗaya matsakaici, ɗaya tsarara. Na garin Rahad na Sudan take saye, mai manyan kunnuwa, kuma sai ta tauna guda a gaban mai shago kafin ta yarda a auna mata. Babbar ƙa'idarta ita ce ba ta sa sukari, ba ta haɗa kwalba da kwalba, sai ta ɗanɗana miyar da za a ci a ranar. Takan ce wanda ya haɗa abin sha bai san abin da ke tukunya ba, ɗinki ya yi bai ga mai riga ba.

In abincin mai maiƙo ne, kamar shinkafar madara da kaza da mutanen Jidda ke yi, mai kaurin take bayarwa, da tsaminsa, sukari kaɗan, don ya wanke baki. In agashe ne, naman nan mai yaji da ƙuli, sai tsararan, da sanyi sosai da zaƙi. In kifi ne kuwa, tana matsa wa karkaden lemon tsami. Miyar kuka mai daddawa ta fi ba ta aiki, sai ta ɗan sa tsamiya da citta, wani lokaci ta fasa ta sake. Lokacin ruman na Ɗa'if takan matse biyu a ciki in akwai baƙo. Matan ginin sukan hau da miyarsu a ɗan kofi bayan la'asar, ta lasa, ta rufe ido, ta faɗa musu abin da za su haɗa. Wani lokaci har da abin da ba a tambaye ta ba. Ta taɓa ce wa wata maƙwabciya wannan miyar ba karkade take bukata ba, haƙuri take bukata daga maigida.

Da likita ya hana ta sukari ba ta bar sana'ar da ba a biyanta ba. Sai ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta tofar a wurin wanke-wanke.

A shekarar da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka gano ciwo a ƙirjinta. Aka fara ɗura mata magani ta jijiya duk bayan sati uku. Gashinta ya zube, amma ɗankwali ya rufa masa asiri. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne harshe. Bayan ɗurin magani na biyu, duk abin da ta sa a baki sai ta ji kamar makulli take tsotsa. Zuma da gishiri suka zama ɗaya. Ta ci gaba da amsa wa maƙwabta daga abin da ta sani tun da, tana duban launin miya da ƙamshinta, kuma yawanci tana dacewa.

Mijinta da 'ya'yanta kaɗai suka sani, kuma ta yi musu kashedi kada labarin ya kai ga Yaya Nana. Nana Aisha ita ce babbar yayarta, wadda ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta koya mata girki da jiƙon karkade. Nana ta yi aure a garin Madani, can Sudan. Da yaƙi ya iso garin ta fito da jaka ɗaya, ta bar gidanta da kabarin mijinta, ta koma Gadarif tana kwana a ɗakin 'yar ɗan'uwa. Larai ta ce matar da aka raba da gidanta ba za a ɗora mata wannan ba. Duk Juma'a suna waya, duk Juma'a tana cewa lafiya lau, sai gwiwa.

Sai ga saƙo cewa Nana ta samu bizar umra, za ta biyo jirgin ruwa daga tashar Sawakin ta Sudan, za ta yi wata guda a wurinsu.

Larai ta yi murna, ta kuma shiga damuwa. Ramar da ta yi za ta ɗora wa ciwon sukari. Kwanakin asibiti za a ce awon gwiwa ne. Amma Nana ba za ta ci abincin gidan ba tare da karkade ba, kuma kurɓa ɗaya ta ishe ta. Ga shi na Rahad ya ƙare a shago, mai shagon ya ce hanya ta toshe, bai san ranar zuwan wani ba. Da na Rahad ne, da ido rufe za ta auna shi. Abin da ke hannunta shi ne leda ɗaya ta zoɓon Kano da Hindatu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Nijeriya da ke unguwar Waziriyya, ta ba ta tsaraba. Ba ta san halinsa ba.

Saura kwana huɗu ta zaunar da Arwa a kicin ta ce za ta ari harshenta. Arwa haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa fiye da yadda take mayarwa, kuma duk abin sha a wurinta iri biyu ne, mai daɗi da marar daɗi. Aka ba ta na kwalbar farko, ta haɗiye, ta ce da Larabci yana da daɗi. Larai ta ce ba gaisuwa ta aike ta ba. Ina ya taɓa ta, gaban harshe ko gefe? Ya tsaya ko ya wuce? Arwa ta ce ita dai ta ji tsami. Larai ta ba ta lemon tsami, ta ba ta tsamiya, ta ba ta nono, ta ce duk ukun tsami ne, amma akwai mai cizo, akwai mai lallashi. Da aka zo kan bauri abin ya tsaya, don Arwa ba ta taɓa jin kalmar ba. Larai ta ɓare ruman ta ce ta tauna ɓawon.

Arwa ta tauna, ta yamutsa fuska. "Ummi, bakina ya bushe, kamar an sa masa tawul."

"To shi ke nan. Shi nake nema. Nawa ne tawul ɗin a cikin wannan?"

Haka suka yi kwana uku, Arwa na dawowa daga aiki ta tarar da ƙananan kofuna a jere. Ta koyi juyawa a baki, ta koyi tofarwa, ko da yake rabin lokaci mantawa take ta haɗiye. A bakinta Larai ta gane cewa na Kano ya fi na Rahad duhu amma bai kai shi tsami ba, kuma in ya daɗe a ruwa bauri yake yi. Suka tsayar da abincin ranar: tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa da naman rago, irin na gidansu. Suka gwada miyar sau biyu, Usuman yana cinye gwajin ba tare da ƙorafi ba. A rana ta uku Arwa ta ajiye kofi ta ce wannan ne, in ta ci loma ta kurɓa sai ta ji tana son wata lomar. Larai ta dube ta ta ce ashe ba a banza aka haife ta ba.

Ranar Alhamis da azahar Usuman ya ɗauko Nana daga tashar jirgin ruwa. Ta tsufa, ta yi baƙi, haƙoranta biyu na gaba sun tafi. Suka rungumi juna a bakin ƙofa, kowacce tana cewa ɗaya ta rame. Nana ta yi wanka, ta yi salla, ta ƙi kwanciya. Kafin magariba ta bi ƙamshi ta shiga kicin, ta buɗe tukunya kamar jiya ta bar ta. Sai ta kwance wani ƙullin tsumma daga jakarta. Kawal ne, ganyen tafasa da ake ruɓarwa a busar a sa a miya kamar daddawa. Ta ce shi kaɗai ne ya fito da ita daga kicin ɗinta na Madani, ta yi ta ɓoyonsa don wannan ranar. Ta marmasa shi a miyar, ta juya, ta miƙa wa Larai ludayi.

Arwa tana falo tana shimfiɗa ledar cin abinci, kuma babu dalilin kiranta. Larai ta lasa, ta ji ɗanɗanon makullin nan. Ta ce ya yi, Yaya. A ranta kuwa lissafi take: kawal yana da ƙarfi da ɗan ɗaci, haɗin da suka yi da Arwa zai yi faɗa da shi, dole a sassauta. Nana na tsaye tana kallo ta ƙara ruwa daga kwalbar tsararan, ta ƙara sukari cokali uku, ta kurɓa ta tofar kamar yadda ta saba.

Abin da ba ta sani ba, kawal ɗin ya yi wata da watanni a jaka cikin zafi, ƙarfinsa ya mutu. Miyar tana nan yadda take. Duk mai harshe zai ji haka a lasa ɗaya.

Bayan magariba aka zauna. Usuman ya kurɓa, ya mayar da idonsa kan tuwo. Arwa ta kurɓa, ta ɗago ta dubi uwarta, a nan Larai ta gane. Ruwa ne ja mai zaƙi, irin wanda ake ba yara a walima. Nana ta shanye nata, ta miƙa kofi aka ƙara mata, ta ci gaba da ba da labarin jirgi, da matar da ta yi amai tun daga Sawakin har Jidda tana cewa ita ba ta jin komai. Aka yi dariya. Ba wanda ya ambaci karkade.

Da safe, bayan Usuman da Arwa sun fita, Larai tana zaune a kan kujerarta ta kicin tana tsince shinkafa. Nana ta shigo ta tsaya a kanta. Ta sa hannu ta zame ɗankwalin, ta daɗe tana kallon kan. Sannan ta ɗora tafinta a kai.

"Tun yaushe?"

"Wata takwas, Yaya."

"Duk Juma'ar nan da kike ce mini gwiwa."

Larai ta ce ta ga abin da ke kan Nana ya isa, gida ya tafi, komai ya tafi, ba ta so ta ƙara mata.

"Gida bulo ne, Larai. Ke kuwa ni na goya ki. Wa ya ba ki izinin ki zaɓar mini abin da zan ɗauka?"

Ta yi faɗa sosai a ranar. Ta haɗa da Usuman da ya dawo, ta ce masa direban da ya iya ɓoye kaya haka ya kamata hukuma ta san da shi. Da yamma ta kwashe shimfiɗarta daga ɗakin Arwa ta kai kusa da gadon ƙanwarta, Usuman ya koma falo. Ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka samu Nana ta zauna bayan watanta ya cika.

Larai ta ƙara wata bakwai a duniya. Harshen bai dawo ba. Ta daina ɓoye wa matan ginin, suka ci gaba da hawowa da kofunan miyarsu, sai dai yanzu Nana da Arwa ne ke lasawa, su yi ta gardama, ɗaya da Hausar Gadarif ɗaya da rabin Larabci, ita kuwa tana kan kujera tana yanke hukunci. Yawanci Arwa take ba gaskiya, don ta ji Nana ta yi mita. Ranakun asibiti Nana ce ke riƙe mata jaka, ita ke shafa mata man zaitun a ƙafa, ita ke zagin maganin in ya sa ta amai.

Ana saura 'yan kwanaki ta rasu, da ba ta iya tashi, ta ce wa Nana wata takwas ɗin nan ne kawai take jin haushinsu, da ta faɗa tun a waya da ta samu mai yi mata faɗa da wuri. Nana ta ce ta yi shiru ta sha ruwa.

Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, kanta a kan cinyar yayarta. Nana ce ta yi mata wanka. Allah ya haskaka kabarinki, Larai tamu.