Mashayar Salihu

"Salihu! Kai Salihu, aje bokitin nan ka zo ka ci tuwo!" Haka ake ƙwala wa ƙanena kira a gida cike da mutane, shi ko ba ya juyowa. Tun da matarsa Yalwa ta rasu, ba shi da abokin hira sai itatuwan dogonyaron da ya jera a bakin kogi, can wajen Rusairis. Shi kaɗai ke ba su ruwa.

Ran nan lajna, wato kwamitin gari, ta zo da muhandis, injiniya ke nan, aka ce za a yanka sabuwar unguwa a bakin ruwa, mota ba za ta shiga ba, layin itatuwansa kuma zai zama mashaya. Da jin haka Salihu ya hango shanun gari kaf suna tattake masa dashe. Bai tambayi kowa ba, dama wa yake tambaya? Sai ya kama sarar ƙaya yana kewaye kowane icce, hannu duk jini, abinci ya gagare shi.

Da maƙwabciyarmu Widad ta ji abin da ke damunsa, ta ce ai Larabci muhandis ɗin ya yi. Salihu ya ce shi da kunnensa ya ji. Sai ta kira muhandis, ta kara masa waya a kunne.

Muhandis ya yi dariya ya ce, "Ya hajj, waɗanne shanu? Mashshaya, hanyar masu tafiya da ƙafa! A inuwarka jama'a za su bi zuwa kasuwa. Ko reshe ba za mu taɓa ba."