Inda Muka Huda Wutsiyar Jirgi

Lahadin da ta biyo bayan Babbar Sallah, ina aji biyar, ni da Yaya Basiru muna tsugune a zaure, mun tura wayar keke cikin garwashi, muna gardama kamar za mu cinye juna. Jirginmu na farin fom ne, irin wanda ake ƙunsa rediyo a ciki. Mun sassaƙe shi da reza siffar jirgin saman yaƙi, za mu harba shi da roba. Wutsiya kaɗai ta rage, kuma mai juyawa ɗungurungum a kan waya muke so, don mu riƙa saita ta. Guntun fom ɗaya tal gare mu, wuta kuwa in ta huda shi, shi ke nan. Ga shi washegari Yaya zai bi motar albasa zuwa kudu, zaman shagon kawunmu. In jirgin bai tashi yau ba, Yaya ba zai taɓa ganin tashinsa ba.

Yaya ɗan kasuwa ne har ɓargo. Ya ɗora wutsiyar a yatsa, ya nemo inda ta tsaya cak. "Tsakiya za mu huda, kamar sikelin Baba." Ni kuwa Allah ya yi ni da kafiya. Na ce, "Haba Yaya, mi ya haɗa iska da sikeli?"

Na yanko kwali biyu siffar wutsiya, na soke ɗaya da waya a tsakiya, ɗaya can gaba, bai kai rubu'in faɗinsa ba. Yaya ya goya ni a keke, muka miƙi hanyar Kalmalo a guje, na ɗaga su sama. Kai! Nan take na tsakiya ya gicciye yana karkarwa, nawa kuwa ya kwanta luf yana bin iska. Na yi ta ihu har muka kusa afka wa jakin wani.

Da muka dawo, Yaya ya zaro wayar jajawur, ya miƙo mini. "Kai za ka huda, wanga aikinka na." Na huda wutsiyar can gaba, daidai inda na soke kwalina. Gab da magariba muka harba jirgin a filin makaranta, ya miƙe sambal ya ratsa saman shanun da ke komawa ruga, Yaya na bin sa da gudu ba takalmi.

Yau yarana na harhaɗa nasu jirgin daga kwali, kowane rami an riga an huda musu, ba gardama, ba keke. Yaya kuwa kudu ta riƙe shi, sai gaisuwa a waya. Wallahi ina kewarsa. Wancan yammacin ne ƙarshen wasanmu tare, kuma ba mu yi asararsa ba.