Layin da Dele Bai Rubuta Ba

Zubaidatu Ɗanlami 'yar Samaru ce, mahaifinta direban tarakta a gonakin Shika. Gajera ce mai saurin magana, kuma tun tana ƙarama ba a yi mata ƙarya ta kwana da ita. Ta gama difloma a ilimin kwamfuta a 2004, ta yi ta neman aiki, abin da ta samu shi ne cika katin majiyyata a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan unguwar PZ.

Bayan shekara biyu Likita, mai asibitin, ya ce an daina katin takarda. Ya kawo Dele, ɗan wani abokinsa da ke shekarar ƙarshe a jami'a, ya rubuta musu manhaja da yaren kwamfuta na Java. Zubaidatu ta roƙa a bar ta ta duba rubutun. Likita ya ce ita bugawa aka ɗauke ta, ba dubawa ba.

Wata ranar Talata wata mata mai suna Clara, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, ta zo da cikin wata biyar, maƙogwaronta na ciwo. Ta faɗa wa Zubaidatu cewa jikinta ba ya karɓar penisilin, Zubaidatu ta buga a gabanta. Da nas ta buɗe katin a ɗakin allura, gurbin magungunan da aka hana fayau yake. Aka yi wa Clara allurar. Kafin minti goma fuskarta ta kumbura, numfashi na neman gagararta. Da ƙyar aka ceto ta ita da cikin.

Likita ya fito har inda mutane ke jiran layi ya tsaya kan Zubaidatu. Ya kira ta maƙiwaciya, ya ce saura kaɗan sakacinta ya kashe rai biyu, ta tafi gida sai bayan sati biyu. Ta ce ta shigar, ya ce kwamfuta ba ta ƙarya.

Ta hau bas ɗin Samaru ta koma gida. Kwana biyu ba ta iya cin abin kirki ba. Ba korar ce ke cin ta ba, a'a, idon Clara ne lokacin da aka wuce da ita, tana kallonta kamar wadda ta ci amanarta. A rana ta uku ta sami Dele a wani kafen intanet daura da ƙofar jami'a ta ce ya ba ta rubutun manhajar. Ya yi dariya, ya zuba mata a filas ɗin kwamfuta, ya ce in ta gaji da kallo ta goge.

Kwana huɗu ta yi a shagon wata ƙawarta mai buga takardu, tana karatu duk lokacin da aka kawo wuta. Dele ya gina babban aji, wato rukunin bayanai a cikin manhajar, mai suna Majiyyaci, wanda ke riƙe da rukunin jini da magungunan da aka hana. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramin aji na masu ciki, wanda ya gaji komai daga babban, ya ƙara da watannin ciki. Kowane aji yana da sashen da ke gina sabon kati, wato magini. Ƙa'ida ita ce sashen ƙaramin ajin ya fara da kiran na babban, da kalmar super, ya miƙa masa bayanan da aka buga. Dele bai rubuta wannan layin ba. Ya ajiye suna da lambar kati da hannunsa, ya mance sauran. Java kuwa, da ba ta ga kiran ba, sai ta kira maginin da ba ya karɓar komai, ta bar guraben a wofi, ba ƙorafi ba gargaɗi.

Ba ta jira sati biyun ba. Ta shiga ofishin Likita ta tarar an kira Dele gyaran firinta. Ta ce wa Likita ya ƙirƙiro majiyyaci namiji, ya buga penisilin da hannunsa, sannan ya yi haka da mai ciki. Ya yi, don ya rabu da ita. Katin namijin ya fito daidai. Na mai cikin ya fito fayau.

"Yallaɓai, kwamfutar ce ta yi ƙarya ko kai ma sakaci ka yi?"

Dele ya leƙa takardar rubutun manhajar da ta zo da ita, inda ta ja layi da jan biro, ya ce ai ƙaramin abu ne, layi ɗaya.

"Mata arba'in da uku ke da kati a ajin nan," in ji ta. "Duk na buga nasu. Ka je ka faɗa musu layi ɗaya ne."

Dele ya gyara a minti biyar. Likita ya ce ta koma bakin aikinta, maganar ta wuce. Ta ce a gaban jama'a ya zage ta, a gaban jama'a take so ya wanke ta. Ya ce shi ba yaro ba ne.

Ta zauna wata guda cur, ta bi matan nan ɗaya bayan ɗaya, wasu a waya, wasu har gida a Palladan, ta sake cika katinsu. Ranar da ta gama na ƙarshe ta ajiye makullin ofis ta fita.

Daga baya ta kama koyarwa a wata makarantar kwamfuta da ke Samaru. Ɗalibai na tsoronta, domin ba ta karɓar aiki sai an buɗe kowane kati an nuna mata abin da ke ciki. Dele ya gama karatu ya tafi Legas. Likitan kuwa, ko a biki suka haɗu, ba ta gaishe shi.